Stockfish a Lichess: Alkalin Wasan Ches da Ba Ya Karɓar Ko Sisi

Na shafe watanni ina bitar wasannina na ches da Stockfish, manhajar da ke nazarin wasan, a Lichess, shafin intanet na buga ches, kuma na gamsu da ita ƙwarai, musamman da yake kyauta ce. Tsohon lissafin darajar 'ya'yan wasan ya ce soja maki 1 ne, doki 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Amma manhajar, wadda tun daga sigar Stockfish 12 ta shekarar 2020 take amfani da tsarin NNUE (wata ƙirƙirarriyar basira mai auna yanayin wasa), tana auna darajar kowane ɗa gwargwadon mazauninsa da aikin da yake yi a kan allo.

A wani wasa na ƙi bayar da hasumiyata domin in cinye dokin abokin karawata, saboda ina ganin asarar maki 2 ce. Da na duba daga baya, sai manhajar ta nuna cewa dokin nan da ya kafe a tsakiyar allo ya fi hasumiyar da ke kulle a lungu amfani nesa ba kusa ba.

Inda take da rauni shi ne bayani, domin lamba kawai take nunawa, kamar +1.3 (wato gwargwadon rinjayen mai fararen 'ya'ya), da jerin motsi, ba ta faɗin dalili, don haka mai koyo yana buƙatar malami a gefensa.