Ginshiƙi mai zobba nesa-nesa da mai zobba kurkusa: wanne ke tsayawa bayan fashewa?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa in ga ginshiƙai biyu masu kauri ɗaya, kankare iri ɗaya, rodin tsaye iri ɗaya, amma ɗaya zobbansa (ƙarafan da ake ɗaurawa kewaye da rodin tsaye) nesa-nesa, ɗayan kurkusa, shin akwai bambanci idan gas ko bam ya fashe kusa da su? Ko gara a ƙara rodin tsaye kawai? Bambancin babba ne, kuma a zobban yake.

Ginshiƙi an yi shi ne don nauyin da ke danno shi daga sama. Fashewa kuwa daga gefe take bugunsa, kafin ƙiftawar ido. Bugun yana ratsa kankare, ya kai bayan ginshiƙin, ya dawo yana jan sa. Ƙarfin kankare wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen matsi ba, don haka fatar da ta rufe rodi sai ta ɓantale. Daga nan ne hanyar ginshiƙan biyu ke rabuwa.

Mu ɗauki ginshiƙi mai milimita 400 kowane gefe, rodin tsaye mai milimita 20, zobe mai milimita 10. A gini na yau da kullum, ƙa'idar kankare ta Amurka ta yarda tazarar zobba ta kai ninki 16 na kaurin rodin tsaye, wato milimita 320. Bakin zoben kuma galibi lanƙwasar digiri 90 ce, wadda ke kwance cikin fatar nan. Da fatar ta tafi, ba abin da ke riƙe bakin, sai zobe ya buɗe. Rodin tsaye, da nauyin bene a kansa, sai ya bankare waje kamar haƙarƙarin laima, kankaren ciki ya zube kamar tsakuwa. Sau da yawa ma ba a kai nan ba: tsaga ɗaya a karkace kusa da gindi ko kai, ginshiƙin ya yanke farat ɗaya, domin zobe ɗaya ko biyu kacal tsagar ta tarar a hanyarta.

Na biyun, wanda aka ɗaure kamar na yankin girgizar ƙasa, tazararsa ba ta wuce rubu'in kaurin ginshiƙi, wato milimita 100. Bakin zobe an lanƙwasa shi digiri 135, wutsiyarsa ta nutse cikin tsakiyar kankare, tsawonta aƙalla ninki 6 na kaurin zoben kuma ba ƙasa da milimita 75 ba. Ana ƙara ƙugiyoyi masu ratsa tsakiya don su kama rodin da ba ya kusurwa. Shi ma fatarsa za ta ɓantale, zai tsattsage, zai lanƙwasa. Amma zobban sun matse cikinsa tamau, ko da kankaren ya farfashe ba shi da wajen zuba, sai ya ci gaba da ɗaukar nauyi har mutane su fita. Wanda ya fi su duka shi ne zobe mai naɗi kamar sifirin, mai tazarar milimita 25 zuwa 75, domin ba shi da bakin da zai buɗe a tsakiya. Abu guda: don girgizar ƙasa, a kai da gindi ake matse zobba, amma don fashewa a matse su tun daga ƙasa har sama, tunda ba a san inda bugun zai sauka ba.

Ƙara rodin tsaye kaɗai kuwa ban ba ka shawara ba. Yana sa ginshiƙi ya ƙi lanƙwasa, sai ƙarfin bugun ya koma kan zobban da ba a ƙara ba. Ka hana shi lanƙwasawa a hankali, ka tura shi ga yankewa nan take.

An ga wannan a zahiri. Ranar 19 ga Afrilu 1995, bam ya tashi gaban ginin Murrah mai hawa 9 a birnin Oklahoma, mutum 168 suka rasu. Ginshiƙin da ya fi kusa ya tarwatse, biyu na gefensa suka tsage, kuma su ne ke ɗauke da wani babban bim (dogon kankare da ke kwance a kan ginshiƙai) a hawa na uku wanda ginshiƙan sama ke zaune a kansa. Da ya faɗi, sai gaban ginin ya biyo shi. A Fentagon kuwa, hedkwatar tsaron Amurka da aka kai wa hari da jirgin sama ranar 11 ga Satumba 2001, ginshiƙan masu zobe mai naɗi ne, kuma da yawa da fatarsu ta tafi sun ci gaba da riƙe nauyi. Sashen da ya rufta bai faɗi nan take ba, na benen sama suka samu suka fita. Harin biyu ba iri ɗaya ba ne, amma injiniyoyin da suka binciki Fentagon sun sa zobban nan cikin dalilan tsayuwarsa.

Ka kuma lura da dakin, wato shimfiɗar kankaren bene. Fashewa na ɗaga shi sama, alhali rodinsa don nauyin da ke saukowa aka jera shi. In ya tafi, ginshiƙi ya rasa madogara, tsayinsa ya ninka, juriyarsa ga bankarewa ta koma kusan rubu'i. Shi ya sa rodin ƙasan bim zai ratsa cikin ginshiƙi ba tare da yankewa ba.

In ginin ya riga ya tsaya, ana sa wa ginshiƙi rigar farantin ƙarfe a cika tsakaninsu da ruwan siminti, ko a naɗe shi da zanen zaren kabon bayan an goge kusurwoyinsa sun yi zagaye. Zanen ba ya jure wuta kuma ɓaraguzai na yaga shi, saboda haka inda mota ke iya matsowa kusa, ƙarfe ya fi. Nisa ma kariya ce: ninka tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da inda fashewa za ta iya faruwa daidai yake da rage yawan abin fashewar sau 8 ta fuskar matsin da zai iso.