Shekara guda a kan tsohon Boxer: abin da muka duba da abin da ya kuɓuce mana

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga ƙauyenmu na yankin Ringim zuwa makarantar da nake koyarwa ya riƙa cinye albashina kafin wata ya raba, har na ga cewa mallakar abin hawa ta zama dole. Sabon babur ya fi ƙarfin aljihuna, saboda haka na nemi na hannu. Na tsaya a kan Bajaj Boxer ne domin babu rumfar bakaniken da za ka shiga a wannan yanki ka rasa kayan gyaransa, kuma injinsa ba ya shan mai kamar tsofaffin Suzuki da iyayenmu suka hau, waɗanda suke ƙona baƙin mai tare da fetur. Yau shekara guda ke nan ina hawansa, don haka ina ganin na isa in faɗi ra'ayina a kansa.

Dillalin da ya samo mini shi ya ce mu zo bayan la'asar, amma ƙanen mai ɗakina, wanda bakanike ne, ya ƙi. Cewa ya yi, "Yaya, bayan sallar asuba za mu je, kuma kada ka sanar da su." Da muka isa, bai kalli fenti ba, bai taɓa ƙaho ba, bayan hannunsa ya ɗora a jikin injin domin ya tabbatar da cewa a sanyaye yake. Dalilinsa shi ne injin da ya gaji yakan tashi lafiya idan an riga an ɗumama shi, sai da sanyin safiya ne yake tona asirin kansa. Namu ya tashi a bugu na biyu, ya kuma zauna daram ba tare da an riƙe masa totur ba. Daga nan ya tsuguna a bayan salansa yana kallon hayaƙi, ya sa na murɗa totur na saki sau uku. A irin wannan injin, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta cewa ringi ya cinye, baƙin mai yana haurawa yana ƙonewa, ko da yake a tsohon Suzuki wannan hayaƙin ɗabi'arsa ce, ba ciwo ba.

Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murtsuka man tsakanin yatsunsa, yana neman ɓurɓushin ƙarfe, yana kuma jin kaurinsa, domin akwai masu zuba mai mai kauri sosai don ya danne ƙarar inji na ɗan lokaci. Ya kwance fulogi, muka tarar da bakinsa a bushe, launin ƙasa-ƙasa, ba baƙi mai danƙo ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bi kawunan notocin injin ɗaya bayan ɗaya da ido: notin da sifana ta cinye wa gefe yana shaida cewa an sha buɗe wurin, ko da mai babur ya rantse cewa ba a taɓa sauke injin ba. Ya kuma ciro soson da ke tace iska, wanda a ƙasa irin tamu mai rairayi da ƙurar hunturu shi ne garkuwar inji, tunda idan ya yage ƙura ce za ta riƙa goge fistin kullum. Sarƙa ta saki, haƙoran sifiroket sun yi tsini, tayar gaba ta suɗe, amma waɗannan ba su tayar mana da hankali ba. Kayan canji ne, kuma da su muka rage farashi.

Batun takardu ya ɗauke mu lokaci fiye da binciken injin. Tun bayan da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a 2013, babura da yawa suka gangaro ƙauyuka suna ta sauya hannu, har wani lokaci mai sayarwa bai san wanda ya fara fitar da babur ɗin daga shago ba. Wanda na saya ni ne na huɗu a kansa. Mun gwada lambar inji da lambar shasi da abin da ke rubuce a rasit na asali, muka shafa wurin da yatsa don mu ji ko an goge an sake bugawa, sannan muka rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu biyu, dillali ma ya sa hannu kafin ya karɓi la'adarsa. Wasu sun ce na cika tsanani ga mai sayarwar, dattijon da kowa ya sani, amma na ga mutumin kirki da ya kwana a hannun 'yan sanda saboda babur ɗin da ya saya da guminsa.

Inda muka yi sakaci shi ne gangar jikin babur ɗin. An lulluɓe kujerar da sabuwar leda mai ado, ni kuma na ji nauyin in ce a cire ta a gaban mai shi. Gwajin da muka yi ma a ƙofar gida ne, cikin rairayi, inda kowane babur yake tangaɗi. Sai bayan kusan wata biyu, ranar wata Lahadi ina kan kwalta zan je kasuwar Gujungu, na lura cewa da zarar na sassauta riƙo sai ya riƙa ja zuwa hagu, kuma da na duba tayar baya na ga gefe ɗaya ne kawai yake cinyewa. Da muka ɗaga kujerar muka tarar da walda a ƙarfen da ke ƙarƙashinta, an shafe ta da baƙin fenti. Ashe ya yi shekaru yana dakon buhunan shanshera daga fadama, har ƙarfen ya tsage aka ɗinke shi a karkace. Na koma wurin dattijon, ya ce, "Malam, yadda na saye shi haka na sayar maka," kuma ba ni da hujjar ƙaryata shi. Da mun tsaya a bayan babur ɗin mun daidaita tayoyin biyu da ido, ko mun fita da shi kan titi na minti biyar, da mun gane.

Mai walda ya miƙar da ƙarfen ya ƙara masa ƙarfi, kuma kuɗin aikin da na sabuwar tayar baya sun kusa cinye rangwamen da muka samu. Injin kuwa bai taɓa ba ni kunya ba. Ban da baƙin mai da fulogi guda da wayar kuloci, babu abin da na saya masa, kuma ya ratsa damina guda yana kai ni makaranta da gona. Idan aka ce in sake zaɓa, irinsa zan sake ɗauka, amma sai an kwance kujera da tanki na ga ƙarfen tsirara kafin in ƙirga kuɗi. Har yanzu ba na ɗora masa fiye da buhu ɗaya, kuma duk lokacin da zan canza mai sai na ɗaga kujerar na leƙa wurin waldar.