Na hau Formula Rossa a Abu Dabi: daƙiƙa biyar ɗin farko

Sarin kaya ya kai ni Dubai. Da muka gama awo, sai ƙanina ya matsa lallai mu shiga Abu Dabi mu ga gidan wasannin Ferrari World da ke tsibirin Yas. Ni da ko lilon yara ban cika so ba, sai ga ni a layin Formula Rossa, jirgin lilon da tun buɗe shi a 2010 ya yi shekaru ana kiransa mafi gudu a duniya.

Kafin ka zauna sai a miƙo maka tabarau mai roba, irin na masu dirowa daga jirgin sama. Na ɗauka ado ne. Ashe a wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙwaro ɗaya ya isa ya ɓata maka ido. Aka danne mana cinya da ƙarfe, jan jirgin ya sulalo waje a hankali, ya tsaya cak a cikin rana. Nan na karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai aka harba mu. Kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Kumatuna suka koma wajen kunne, kaina ya manne da kujera, na buɗe baki in yi salati iska ta mayar min da shi ciki. Ba inji ne a jikin jirgin ba, wata igiyar ƙarfe ce ke fizgarsa da ƙarfin matsin mai, kamar gwafa ta saki dutse. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi. Daga nan ya haye tudu mai tsayin mita 52, sauran tafiyar kuwa kwana-kwana ce a sarari. Wajen minti ɗaya da rabi an gama.

To, ya cancanci a hau? Sau ɗaya dai, ƙwarai kuwa. Wannan fizgar ba ka samunta a mota ko a jirgin sama. Amma in don daɗi ne, wani jirgin lilon da ke cikin gidan, Flying Aces, ya fi burge ni, ga juyi, ga hawa, ga lokacin da za ka ji cikinka ya bar jikinka, alhali bai kai rabin sunan wancan ba.

Batun ginawa ne nake da ja. Kambun gudun nan aro ne. Jirgin lilon Kingda Ka na jihar New Jersey a Amurka, mai tsayin mita 139, shi ne zakara a 2005. Formula Rossa ya ƙwace masa gudu, a 2024 aka rufe Kingda Ka, a 2025 aka rushe shi da nakiya. Shi ma Formula Rossa ga Saudiyya ta fito masa da Falcons Flight a Ƙiddiya kusa da Riyad, wanda aka tsara ya kai kilomita 250 a awa. Kuɗi kamar ƙasa saboda ƙarin goma! Jikin ɗan Adam kuwa ba na jin zai bambance 240 da 250, allon talla ne kawai zai sani. Sai dai in faɗi gaskiya, wannan tallar ce ta sa muka baro Dubai muka sayi tikiti, don haka masu ginin sun san me suke yi.

Ƙanina ya sake komawa layi. Ni kam na nemi benci na zauna da gorar ruwa, har lokacin gwiwoyina na rawa.