Mita ko ƙiyasi: kuɗin magudana a gidajen Ingila

Takardar kuɗin ruwa a Ingila kashi biyu ce: na ruwan da ke shigowa famfo, da na ƙazamin ruwan da ke fita ta magudana, wanda sau da yawa ya fi na farkon yawa.

Gidan da ba shi da mita, lissafinsa yana bin darajar hayar gidan ne kamar yadda aka ƙiyasta ta kafin 1990. Ko ka yi tafiyar wata uku, ko sisi ba ya raguwa. Amma mai 'ya'ya shida, ga wanki ga wanka safe da yamma, wannan tsari gaba ta kai shi.

Mita kuwa, kyauta ake sa ta. Kamfanoni da dama suna ɗauka cewa kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na ruwan da ya shigo yana komawa magudana, sai su yanka kuɗi a kan haka. Ke nan duk bokitin da ka yi tsiminsa, ragi biyu ka samu. Famfon da ke ɗiga kuma sau biyu yake cin aljihunka. In ɗakunan kwana sun fi mutanen gida yawa, ni dai mita zan zaɓa. Kamfanoni da dama suna barin mutum ya koma tsohon tsari cikin shekara ɗaya ko biyu, ban da yankunan da aka tilasta mita.

Da mita ko babu, in ruwan saman rufinka ramin da ke tsotse ruwa cikin ƙasa yake shiga, ba magudanar kamfani ba, nemi a cire maka kuɗinsa.