Sabon Jadawalin SEC: Ya Cancanci Kuɗin Tikitin Kaka?

Ga mai sayen tikitin kaka (na duk wasannin gida na kakar wasa) a ƙwallon Amurka na jami'o'i, jadawalin da SEC (gasar jami'o'i ta Southeastern Conference) ta tsara daga 2026 ya fi na da daɗi. Kowace ƙungiya cikin 16 za ta buga wasa 9 na gasar: abokan hamayya 3 na kowace shekara, sauran 6 kuma ana juya su. Cikin shekara 4, ba ƙungiyar da ba za ta zo filinku ba, sai dai a karawar da ake yi a filin da ba na kowa ba.

A da, lokacin rukunin Gabas da Yamma, wasa 6 ne a cikin rukuni, 1 na dindindin a ɗaya ɓangaren, 1 mai juyawa. Hakan ya tsare karawar Alabama da Tennessee, da ta Auburn da Georgia, amma ya kulle kowa a gida ɗaya. Texas A&M ta shigo a 2012, ba ta haɗu da Georgia ba sai 2019. Abin haushi!

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Tara ba ta rabuwa biyu daidai, don haka wata kakar wasan gida na gasar 5, wata 4. Karawar Alabama da LSU (jami'ar jihar Louisiana) ma ta fita daga jerin na kowace shekara. Ku duba shekarar kafin ku biya.