Kafin ka sayi UPS don kwamfutar gida

Duk mai kwamfutar tebur ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki. Allo ya yi baƙi, rubutun da bai adana ba ya salwanta, wani lokacin ma kwamfutar ta ƙi tashi sai an kai ta wurin mai gyara. Don wannan aka yi UPS, akwatin nan mai batir a ciki da ke karɓar ragama da zarar wuta ta tafi. Aikinta shi ne ta ba ka 'yan mintuna ka adana abin da kake yi ka kashe kwamfuta a tsanake, ko ta riƙe ka har a tayar da janareta. Wanda yake son ya yi awa uku yana aiki babu wuta, inbata da manyan batura ko sola yake buƙata, kuma gara ya san haka tun bai fitar da kuɗinsa ba. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ya riga ya huta, batirinta ya ishe ta. Abin da zai amfane shi shi ne ƙaramar UPS ta volt 12 ko 9 da ake yi wa na'urar intanet, wadda takan riƙe ta awanni.

Iri uku ne a kasuwa. Mafi araha ita ce wadda masu shago ke kira oflayin. Tana barin wutar bango ta wuce kai tsaye zuwa kwamfuta, sai wuta ta tafi ko ta lalace sosai sannan ta juya kan batir, cikin abin da bai wuce kashi 10 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Kwamfuta ba ta jin wannan giɓin, domin akwatin wutarta yana iya riƙe kansa fiye da haka kaɗan. Inda wuta ke tsayawa daram a kan volt 220 ko 230, wannan ta wadatar. Matsalar ita ce a unguwanninmu ba ɗaukewa kaɗai wuta ke yi ba. Da magariba, in kowa ya kunna kayansa, sai ta yi ƙasa har fanka ta riƙa juyi da ƙyar. Duk lokacin da haka ta faru oflayin batir take komawa, ta cinye shi alhali akwai wuta, sai a zo ainihin ɗaukewar a tarar babu komai a ciki.

Shi ya sa ta biyu nake ba kusan kowa shawara, wadda za ka ga an rubuta AVR a kwalinta. Tana da ƙaramar taransfoma a ciki da ke ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta rage ta in ta yi yawa, ba tare da ta taɓa batir ba. Bambancin kuɗinsu da ta farko ba shi da yawa. Sai dai ka duba iyakar da aka rubuta mata: wasu daga volt 160 suke fara gyarawa, wasu daga 140. In wutar gidanku tana sauka ƙasa da haka, sai ka haɗa da sitabilaiza, ka sa ta a bango, UPS ta biyo bayanta, kwamfuta a ƙarshe.

Ta uku ita ce onlayin. Ita kullum juya wutar bango take yi zuwa irin ta batir, sannan ta sake ƙera sabuwa mai tsabta ta ba kwamfuta, don haka babu giɓi ko kaɗan. Ita ake sa wa manyan kwamfutocin banki da na'urorin asibiti. Kuɗinta ninkin-ba-ninkin ne, fankarta ba ta yin shiru, tana kuma cin wuta ko ba a aiki. A gida dalili ɗaya na sani da zai sa a saye ta: ƙaramin janareta. Wutar ƙananan injinan nan ba ta tsayawa a kan bugu 50 a daƙiƙa kamar wutar bango, tana hawa tana sauka, sai ka ji UPS tana ta ƙas-ƙas tana ƙin karɓa, tana zuƙe batir alhali inji na ruri a waje. Onlayin ba ta cika damuwa da wannan ba. Kafin ka kai ga wannan kashe kuɗin, tambayi mai shago ko wadda kake so ana iya rage mata tsantseni, domin wasu masu AVR suna da wannan saitin, kuma sau da yawa yana magance matsalar.

Inda aka fi ruɗar mai saye shi ne lambar da ke jikin kwali. Za ka ga 650VA ko 1000VA da manyan haruffa, amma kayanka da wat ake auna su, kuma a ƙananan UPS wat ɗin kusan kashi 60 cikin 100 ne na wancan adadin. Mai 650VA tana ɗaukar wat 360 zuwa 390, mai 1000VA kusan 600, mai 1500VA kusan 900. Nemi inda aka rubuta wat, in ba a rubuta ba ka yi lissafin da kanka. Kwamfutar rubutu da shiga intanet tare da allonta ba kasafai suke wuce wat 150 ba, 650VA ta ɗauke su har da na'urar intanet. Mai babban katin hoto, ta masu haɗa bidiyo ko wasanni, tana iya jan wat 300 zuwa 500, ita kam kada ka sauka ƙasa da 1000VA, 1500 ta fi kwanciyar hankali. Ka bar sarari na kusan rubu'i a sama da abin da kake ja. Kuma kada ka yarda ka jona firinta mai lesa a jikinta: in tana ɗumama kanta tana fizgar ɗaruruwan wat a lokaci guda, ta isa ta kashe UPS da kwamfutar gaba ɗaya.

Masu irin waɗannan manyan kwamfutocin suna da ƙarin abin dubawa. Wutar da UPS mai araha ke fitarwa daga batir tana da gargada, hawa-hawa take kamar matakala, ba ta da santsin ta bango. Akwatunan wutar zamani masu alamar 80 Plus wasunsu ba sa jure wannan, sai su yi ƙugi ko su mutu daidai lokacin da ake son su tsaya. Irin wannan kwamfutar a nema mata UPS mai santsin wuta, wadda a kasuwa ake ce wa fiyo sayin.

Batir ne zuciyar lamarin, kuma a kansa nake son ka fi tsananta tambaya. Yawancin ƙananan UPS batirin dalma ɗaya ne a cikinsu, volt 12, amf 7 ko 9 (7Ah ko 9Ah, ma'aunin yawan wutar da yake iya ajiyewa). Manyan suna da biyu. A takarda mai amf 7 ya kamata ya riƙe wat 150 fiye da rabin awa, amma an auna shi ne a kan ja a hankali na awa 20. In aka fizge shi da sauri, minti 10 zuwa 15 za ka samu. Masu ƙera shi suna cewa yana shekara 3 zuwa 5, amma a ɗaki mai sanyin digiri 25 ke nan, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba wannan rayuwar biyu. Ka tuna yadda ɗaki ke zama a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu. A wurinmu shekara biyu ma an gode Allah. Zuƙe shi ƙaf kullum ma yana kashe shi, sau 200 zuwa 300 kawai yake jurewa, kuma yana son awa 6 zuwa 8 kafin ya sake cika. Saboda haka ka zaɓi wadda ake iya buɗewa a canza mata batir mai girman da ake samu a ko'ina. Ka duba ranar da aka ƙera ta, domin batirin da ya wuce wata 6 a ajiye babu caji ya fara lalacewa tun a kwali. Masu batirin litiyam sun fara yawa, sun fi jure zuƙa da daɗewa, sun kuma fi tsada.

APC da Eaton da CyberPower sunaye ne da aka sani a duniya, Mercury da Blue Gate kuma sun cika shagunan Najeriya daga Ikeja har titin Beirut a Kano. Ta hannu ta babban kamfani ba laifi ba ce, muddin ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka. Duba bakin soket ɗinta: Najeriya mai ƙafa uku ake amfani da shi, Nijar mai ƙafa biyu zagayayyu, wasu UPS kuma sai da wayarsu ta musamman. In tana da mashigar USB ka jona ta da kwamfuta, za ta iya kashe ta da kanta in wuta ta tafi ba ka kusa.

Kada ka bar shagon sai an gwada a gabanka: a jona kwamfuta, a zare filogi daga bango, ka ga ta tsaya. In ka kai gida ka bar ta a caji awa 8 kafin ka ɗora mata kaya, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa, nesa da bango da rana. Ranar da batirin ya mutu kuma ka kai wa masu sayen tsofaffin batura, kada ka bar shi a tsakar gida inda yara ke wasa, dalma ce da ruwan asid a cikinsa.