Django ko Laravel domin manhajar makarantar Islamiyya a Aboabo

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya kamata ka ɗauka tsakanin Django da Laravel, wato tsare-tsare biyu da ake gina manhajar intanet a kansu, domin gina wa makarantarku ta Aboabo da ke Kumasi a Ghana manhajar da za ta riƙe sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa, ta kuma ba iyaye damar biyan kuɗin makaranta ta wayarsu. Ka ce a cikin harsunan rubuta manhaja ka ɗan taɓa Python, ba ka san PHP ba, kuma kuɗin da kwamitin makaranta ya ware ba su taka kara sun karya ba. A ganina Django ya fi dacewa da kai, amma akwai wurin da Laravel ya sha gabansa, kuma gara ka san shi tun yanzu.

Da harshen Python aka rubuta Django, an kuma sake shi ga jama'a a 2005, bayan Adrian Holovaty da Simon Willison sun ƙirƙiro shi a gidan jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka. Wannan asali yana da amfani a gare ka, domin an yi shi ne saboda ma'aikatan da ba su san rubuta manhaja ba su riƙa shigar da labarai da kansu, shi ya sa yake zuwa da shafin gudanarwa a shirye. Da zarar ka bayyana masa cewa kowane ɗalibi yana da suna da aji da lambar wayar mahaifi, layuka kaɗan za ka ƙara, sai ga shafin da magatakarda zai shigar da sabon ɗalibi, ya nemo tsoho, ya ware 'yan aji uku daga 'yan aji huɗu. Kana iya ba malami izinin sa maki ba tare da ya ga lissafin kuɗi ba, ka ba ma'aji akasin haka. Mafi yawan aikin da ka bayyana irin wannan ne.

Shi kuwa Laravel, Taylor Otwell ne ya fitar da shi a 2011 a kan PHP. Tsarinsa yana da tsabta, yana kuma da daɗin koyo, sai dai ba ya zuwa da shafin gudanarwa. Dole ka haɗa masa ƙarin manhajar da za ta ba shi wannan shafi, kamar Filament, wanda yake kyauta, ko ka sayi Nova. Inda ya yi zarra shi ne wajen neman masauki, wato kwamfutar da za a ɗora manhajar a kanta domin a same ta ta intanet. Kusan duk kamfanin da ke ba da hayar masaukin haɗaka mai araha yana karɓar PHP ba tare da wata wahala ba, alhali Django yakan so ka yi hayar sabar taka ta kanka, ka girka Gunicorn da Nginx, manhajojin da ke tafiyar da shafin a kan sabar, ka kuma riƙa kula da tsaronta. Irin wannan haya sau da yawa da dala ake biyanta, kuma duk wanda ke karɓar kuɗi da sidi ya san abin da hakan ke nufi idan canji ya motsa. Saboda haka, kafin ka rubuta layi ɗaya, ka tambayi kamfanin ko yana tafiyar da Python, ka kai wa kwamiti lissafin shekara guda cur.

Batun biyan kuɗi ta waya bai fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Ko MTN MoMo ne ko Telecel Cash, ta hannun kamfani irin Paystack ko Hubtel za ka bi, kuma Django da Laravel kowannensu yana iya magana da su. Abin da nake roƙonka shi ne kada manhajar ta rubuta an biya don kawai mahaifi ya danna maɓalli. Ta jira saƙon tabbaci daga kamfanin, ta kuma adana lambar shaidar kowane biya, domin saƙon yana iya zuwa sau biyu, ko ya makara idan layi ya yi nauyi. Kuɗin marasa ƙarfi ne, amana ce a wuyanka.

Sai kuma maganar bayan an gama, wadda masu farawa suka fi mantawa da ita. Laravel yana fitar da babbar siga kowace shekara, tare da gyaran tsaro na shekara 2. Django yana da siga mai dogon tallafi na shekara 3, kamar 5.2 da ta fito a Afrilun 2025, wanda hakan sauƙi ne ga mai aikin sa kai. Ta fuskar wanda zai gaje ka wajen kula da manhajar kuwa, masu PHP suna da yawa saboda WordPress, manhajar gina shafukan intanet da aka rubuta da PHP, amma 'yan Python ma ba a bar su a baya ba a ƙasar nan, tun da a Accra aka yi taron masu Python na PyCon Africa na 2019, ga kuma ɗaliban jami'ar KNUST kusa da ku.

Idan masaukin da kuɗinku zai iya ɗauka bai karɓi Python ba, to ka koma wa Laravel da Filament, ka ware lokacin koyon PHP. In ya karɓa, ka fara da Django 5.2. Ko wanne ka ɗauka, ka sanar da kwamiti cewa dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa mai riƙe bayanan mutane yin rajista da hukumar da ke kula da hakan.